Kafin Ku Kira Dillali

'Ya'yana, ina jin yadda maganar sayar da gidajen gado ta yawaita a Tudun Wadar Zariya, kowa ya karɓi rabonsa ya kama gabansa. Haƙƙinku ne, shari'a ta ba ku. Amma ku ɗan saurara.

A zamanin Turawa aka keɓe unguwar nan a bayan ganuwa domin baƙi 'yan Arewa, kamar yadda Sabon Gari ta tara 'yan Kudu. Fili a wadace yake a lokacin, shi ya sa kakanninku suka yi zaure da tsakar gida mai faɗi har da rijiya. Daga baya makarantun unguwar Kongo suka jawo jama'a, haka ma asibitin koyarwa kafin ya koma Shika. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da dubu 400 a ƙaramar hukumar Zariya, kuma tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba. Ko ba a ƙirga ba, ku leƙa gidanku: inda magidanci ɗaya ya zauna, yau magidanta nawa ne? Ƙasar kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba.

Samu ma bai bi sawun jama'a ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne, alhali a farkon shekarar buhun siminti ya haura dubu 10. Yawancinku ma ba albashi kuke ɗauka ba. Ɗinki ne, ko kafinta, ko adaidaita sahu. Idan aka raba kuɗin gida tsakanin magada goma, bayan la'adar dillali, da wuya rabon mutum ya sayi fuloti a kusa. Sai a yi lefe, a sayi babur, shekara ta zagayo mai gidan haya ya aiko.

Abin da ya fi damuna shi ne mata. Gyatumarku da ta saba da maƙwabtanta tun tana amarya, ina za ku kai ta? Ƙanwarku idan aure ya ƙi, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa? Rabonta rabin naku ne, ku ne kuma za ku fara gajiya da ita a ciki da falonku.

Maimakon sayarwa, ku sa masana su yi wa gidan kuɗi, mai hali a cikinku ya biya sauran kaɗan-kaɗan, a rubuce, gaban shaidu. Ko a fitar da shago a jikin zaure, a riƙa raba hayar.

In kuwa sayarwar ta zama dole, ku fara samun filin da za ku koma, ko da wajen Dakace ne ko Gwargwaje. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, don haka takardar mai unguwa kaɗai ba ta isa ba. Ku bincika a hukumar filaye ta jiha, KADGIS, kafin ku biya ko kwabo.