Ma'anar kalmar Flight da ɗan hoton jirgin da ke saman waya

Masu gyaran waya a kasuwar Sara sun saba da wannan: mutum ya kawo waya yana cewa layinsa ya mutu, ba kira ba saƙo, alhali ɗan hoton jirgin sama ne ya fito a saman allo. Wannan shi ne Flight mode, kamar yadda wayoyin Samsung da yawa ke rubutawa. A iPhone kuwa Airplane mode ake gani. Duk abu ɗaya ne.

Flight daga fly ta fito, wato tashi sama. Fly aikatau ce, kuma ba ta karɓar ed kamar sauran: fly, flew, flown. Ɗalibin da ya rubuta flied a WAEC ya yi asarar maki a banza. Ita flight suna ce, tana nufin tashin da kansa ko tafiya guda ta jirgi. Maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Dutse, in ya ga flight delayed, jinkiri aka samu. In cancelled ne, an soke tashin. Wanda ya ɗauki na farko a matsayin na biyu ya koma gida, sai dai ya ji labarin jirgi ya tafi.

A waya, Flight mode na katse sabis, yawanci har da Wi-Fi da Bluetooth, ko da yake ana iya sake kunna waɗannan biyun. Don fasinjojin jirgi aka yi shi, amma ya fi amfani a ƙasa. Inda sabis ke da rauni, waya na cinye batir wajen neman turke, kunna shi kan rage wannan, caji ma ya fi saurin cika. Idan intanet ya tsaya cak, a kunna shi na 'yan daƙiƙoƙi a kashe, sau da yawa yakan dawo. Illarsa ita ce mantuwa: mai jiran alat na banki zai yi ta zargin wanda ya turo kuɗi, alhali laifin jirgi ne.

Kalmar na da wasu fuskoki. Fly ƙuda ne. Flyer ita ce takardar talla da ake yaɗawa a WhatsApp, flyover kuma gadar sama irin ta Ƙofar Nasarawa a Kano. Flight of stairs kuwa jerin matakala ne kawai, babu jirgi a ciki.