Waken suya a tsakanin kuɓewa: laifin ƙasa ne?

Ina da ƴar garka a Yantala cikin Yamai, gangaren kogi, kuma duk damina kuɓewa nake yi. Uwargidana awara take soyawa, kuɗin waken suya na cinye mata riba. Wani abokina ya ce in zuba waken a tsakanin kuɓewar, wai zai ba ta taki in huta da sayen na buhu. Bara na sayo tiya guda a kasuwa na watsa. Rabi bai tsiro ba, wanda ya tsiro ya yi dogo siriri ya kwanta, ba ƴaƴa. Ƙasar ce ba ta karɓa, ko in sake gwadawa?

Mai garka, Yantala

Ɗan'uwa, sannu da aiki.

Kada ka ɗora wa ƙasa. Waken awara ka shuka, wanda ya sha zafin rumfar kasuwa wata da watanni, shi kuwa waken suya da wuri yake mutuwar ido in ya ji zafi. Wanda ya tsiro kuma inuwar kuɓewa ta rufe shi, ya yi ta miƙewa neman rana har ya faɗi.

Maganar abokinka da gyara. Gaskiya ne saiwar waken tana da ƙuraje masu jawo sinadarin taki daga iska, amma mafi yawansa cikin ƙwayar yake tafiya, wato cikin awarar uwargida. Abin da ya rage a saiwa da ganye, shukar da za ta biyo baya ce za ta mora. Kuɓewar bana tana nan da yunwarta, ka ba ta takin gida ruɓaɓɓe yadda ka saba. Shi ma waken yana son fosfat, wanda ƙasarmu mai rairayi ba ta da shi sosai.

In za ka sake, nemi iri mai saurin nuna. Ruwan Yamai bai cika wuce milimita 600 a shekara ba, ba kamar Gaya ba. Akwai TGx 1835-10E na cibiyar IITA ta Ibadan, da ke nuna cikin wata uku da ƴan kwanaki. Ofishin cibiyar binciken noma ta INRAN ma maƙwabcinka ne a nan Yantala. Taka ka tambaye su wanda suka gwada a ƙasarmu. Kafin shuka, sa ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma kwana biyar. In 15 ba su tsaga ba, miƙa wa uwargida sauran.

Watsawa kuma ka bari. Yi layin kuɓewa biyu, sannan na wake uku ko huɗu da tazarar santimita 50, a shuka su rana ɗaya. Ka tuna kuɓewa duk bayan kwana biyu ake shiga tsinkarta, sai ka bar wa ƙafa hanya. Bayan mako shida tuge wake guda ka fasa ƙurjin da farce: in cikinsa ja-ja ne, yana aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne tsutsar saiwa, wadda ke sa saiwar kuɓewa ta yi kumburi gunduma-gunduma. Tana cin waken suya ita ma. Fangalin da ka taɓa ganin haka, sa masa masara ko albasa tukuna. Kuma ka zaɓi wajen tudu, don jan ruwan Agusta da Satumba, irin na 2020, ba ya barin wake a kwari.

Bana kashi ɗaya cikin huɗu na garkar ya isa gwaji. Uwargida dai ta ci gaba da awo a kasuwa, domin abin da za ka girbe ba zai riƙe mata kasko shekara ba.