SABON BUGUN MANHAJA DA MATSALAR FARASINSA A KANTIN APPLE

Gabatarwa

'Yan uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu muna da burin mu ga ƙamusun Hausa ko manhajar gyaran ƙa'idojin rubutu a cikin kwamfuta. Ni ma wannan buri ne ya sa na bi diddigin yadda ake sayar da manhaja. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin tambaya guda: idan mutum ya fitar da sabon bugun manhajarsa, yaya zai karɓi kuɗi daga waɗanda suka sayi tsohon?

Tushen Matsalar

A da, mai manhaja yakan sayar da ita da kansa. In ya yi sabon bugu, sai ya yi wa tsofaffin masu saye rangwame. A ranar 6 ga Janairu, 2011 kamfanin Apple ya buɗe kantinsa na manhajojin kwamfuta, wato Mac App Store. A wannan kanti, wanda ya sayi manhaja yana samun duk gyare-gyarenta kyauta, kuma babu wani farashi na musamman ga mai son hawa sabon bugu. Mai manhajar kuwa yana biyan dala 99 duk shekara, sannan kantin yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Daga 2021 an rage shi zuwa kashi 15 ga waɗanda cinikinsu bai wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba. Ke nan in aikin shekara biyu ya tafi kyauta, da me zai ci abinci?

Hanyoyin Da Ake Bi

Hanya ta farko ita ce a fitar da sabon bugun a matsayin wata manhaja daban. Haka kamfanin Cultured Code na Jamus ya yi da Things 3 a 2017. Illarta ita ce tsohon mai saye da sabo farashi ɗaya za su biya.

Ta biyu, a bar mutane su sauke manhajar kyauta, sai su biya daga cikinta kafin ta buɗe duka. Kamfanin Omni Group na Amurka ya ɗauki wannan hanya a 2016. Da yake manhajar tana iya gane wanda ke da tsohon bugu, sai a nuna masa farashi mai rahusa.

Ta uku ita ce biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Manhajar rubutu ta Ulysses ta koma wannan tsari a Agustan 2017, kuma masu amfani da ita da dama sun yi ƙorafi, domin abin da suka saba saye ya koma haya.

Kammalawa

A ganina, ƙamus ya fi dacewa da hanya ta biyu. Ɗalibin da ya tara kuɗi ya sayi bugun farko bai kamata a mai da shi baƙo ba, kuma wanda ya yi wahalar ƙara kalmomi ya cancanci haƙƙin guminsa. Duk wanda zai shiga wannan harka, ya yanke shawarar yadda zai sayar da bugu na biyu tun kafin ya fitar da na farko, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.