Idan Diga ta Ci Karo da Dutse

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya ko harsashin gida a Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa ya san ƙasar nan ba ta da tabbas. Ana gaba uku sai diga ta faɗa kan fa. A wasu wurare na Ƙanƙara kuwa farar ƙasa ake tararwa, wadda ke laushi da zarar ta sha ruwa. Daga nan tsari ya canja, rigima ta tashi.

Mai gida, da an ga haka a dakatar da aiki. Kada ka ce wa magini "ci gaba, ma yi magana daga baya". Wannan kalma ta raba zumunci da yawa. A zauna a sake jinga gaban shaidu, a rubuta sabon farashi da ranar gamawa, kowa ya sa hannu. Fasa dutse ba kuɗinsa ɗaya da haƙar marmara ba, tauye haƙƙin lebura a nan zalunci ne. In harsashi za a matsar, ko za a ƙara bene, a kira injiniya ya duba tukuna, domin rodi da kankaren da aka lissafa da farko mai yiwuwa ba za su ɗauka ba.

Tun farko ka ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin aikin, kada ka taɓa sai irin wannan matsala ta taso ko farashin kaya ya tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, gine-gine da dama suka tsaya.

Ramin da aka fasa amfani da shi kuma, don Allah a cike shi kafin damina, saboda yara da dabbobi.