Ga Ɗana da Lissafi Ya Kayar

Ɗana, labari ya iso mini cewa sakamakon WAEC ya fito, lissafi ya sake kayar da kai. Faɗuwar ba ta ɗaga mini hankali ba. Abin da ya dame ni shi ne maganar da aka ce ta zauna a bakinka, wai kai ba ka da kan lissafi, haka Allah Ya yi ka. Yi a hankali da wannan furuci, domin shaida ce kake bayarwa a kan abin da ba a nuna maka ba.

Ai kana bin kawunka kara ranar Juma'a. Ka ga yadda tsohon dillali yake yi in an kawo sa: ya ɗaga leɓe ya dubi haƙora ya faɗi shekaru, ya dafa tozo, ya shafa ƙugu, ya saurari numfashi, sannan ya yanke kuɗi, kuma da wuya ya kauce da yawa. Baƙon da ya zo lodin shanu zuwa Legas sai ya ɗauka da wannan ido aka haifi mutumin. Zauna da shi bayan kasuwa ta watse, an gama lodi, ka ji tarihi. Ya taɓa sayen saniya mai ciwon huhu da kuɗin mutane. Ya taɓa ruɗuwa da san da aka cika wa ciki da ruwa. Bambancinsa da abokansa da suka bar sana'ar shi ne, duk asarar da ya tafka sai ya bi sawunta, har wurin mahauta in ta kama, ya ga abin da idonsa ya tsallake. Kai kuma da kake cewa ba ka da kai, wa yake fitar wa kawunka la'adar shanu bakwai masu farashi daban-daban tun kafin ya laluɓo wayarsa? Lissafin kaso cikin ɗari ke nan, wanda kake gudu a takarda.

Mu manya muna da namu laifin a nan. Yaro ya ci jarrabawa sai mu ce kansa yana ja, ya faɗi mu ce daƙiƙi ne, kamar an raba abin tun ran suna. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Carol Dweck, ta daɗe tana bincike a kan wannan. A wani gwaji da ita da Claudia Mueller suka wallafa a 1998, an ba yaran firamare tambayoyi, aka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya kowa ya sha ƙasa, waɗanda aka kira masu basira su suka fi saurin karaya, suka fi son a koma musu kan masu sauƙi, har wasunsu suka ƙara wa makinsu gishiri da aka tambaye su. Dalilin a fili yake. Wanda ya yarda basira ce kaɗai jarinsa, kowace faɗuwa tonon asiri ce a wurinsa, dole ya guje ta. Wanda ya san aiki ne ya kai shi, faɗuwa tana gaya masa inda aikin ya rage.

Ka tambayi manoman rani na Kura da Kadawa abin da ya faru a 2016. Tsutsar tumatir da suke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta cinye gonaki a Kano da Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Kamfanin tumatirin gwangwani na Dangote da ke Kadawa, wanda bai daɗe da buɗewa ba, sai da ya tsaya saboda babu abin niƙawa. Abin da ya ƙara wahalar shi ne tsutsar cikin ganye take shiga ta yi rami, feshi ba ya isa gare ta sosai, kuma in aka dage da magani iri ɗaya sai ta saba da shi. Manomin da ya ninka feshin jiya ya yi ƙoƙari, babu mai musu, amma kuɗinsa ya ƙone. Mafita tana wurin sanin halinta: sauya magani, kafa tarkon da ke jawo mazan ƙwaron, ƙone ragowar shuka bayan girbi, da lura da cewa lokacin zafi ta fi ɓarna. Na kawo maka wannan ne domin na ji an ce bara har dare kake rabawa kana karatu. Na yarda. Amma in hanyar da ka bi bara ita ka sake bi bana, haddace amsoshi ba tare da ka warware da hannunka ba, to feshin jiya ka ninka.

Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, mai daɗi da marar daɗi. Tana sanyaya zuciya bayan mutum ya yi iyakar yinsa. Sai dai ban so ka mai da ita bargon rufe abin da ba ka bincika ba. Hausawa da suka ce Allah Ya ce tashi in taimake ka, ba su jahilci ƙaddara ba. Ban kuma ɗora maka laifin duka ba: ajin da ɗalibai suka cika maƙil, malamin lissafi ɗaya tilo yana zagaya makaranta, ba ƙaramin cikas ba ne. Wannan ya nuna akwai darussan da ba a taɓa koya maka da kyau ba, bai nuna kanka ya toshe ba.

Juriya kuma daban take da taurin kai. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke garin nan na Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, yau sunan Aliko Dangote take ɗauke da shi. Shi da bakinsa ya sha faɗin asarar da ya yi a harkar masaƙu, kuma ya fita daga cikinta. Matatar mansa ta Legas kuwa, da aka yi shelarta a 2013, ta sha ɗage ranar kammalawa, ba a ƙaddamar da ita ba sai Mayun 2023, amma bai sake ta ba. Wata ya bari, wata ya riƙe, kuma kowanne sai da ya auna. In wata rana ka auna ka ga zuciyarka tana kara ko tana gona, ba zan kira shi gazawa ba. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne tsoro ya yanke maka hukunci kafin ka auna.

A naka lamarin ƙofar ba ta rufe ba. Jami'a da Makarantar Horar da 'Yan Sanda ta nan Wudil duk suna neman kiredit a Turanci da lissafi, kuma jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, don haka darussan da ka ci suna nan a ajiye. NECO tana shirya jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, WAEC ma tana da tata. Za a zo maka da zancen cibiyar da ake biya a rubuta wa mutum amsa a allo. Kada ka saurara, domin lissafin da ka tsallake yana jiranka a ajin farko na jami'a, inda babu mai rubuta maka.

Ka nemo tambayoyin shekarun baya. Ka zauna ka amsa na shekara guda da agogo a gabanka, ba leƙen amsa, sannan ka ware kurakuranka: wanda ba ka san darasin ba sam, wanda ka sani ka yi gaggawa, da wanda Turancin tambayar ne ya ruɗe ka. Kowanne maganinsa daban. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo mini da takardar, da kurakuran yadda suke, kada ka goge ko ɗaya. Akwai wani tsohon malamin lissafi a unguwarmu da ya yi ritaya, na yi masa magana, ya ce daga rabawa da kaso cikin ɗari za ku fara kafin ku taɓa aljebra.