Littafin Takarda ko Na'urar Karatu: Shawarwari ga Magidanta

Yawancin ɓarnar da littafi ko na'ura ke yi wa muhalli tun a masana'anta ake yin ta, kafin su shigo gida. Saboda haka abin da ke hannun magidanci shi ne ya rage saye, ya kuma sa abin da ya saya ya daɗe.

1. Kada a sayi na'urar karatu don ana yayinta. Irin su Kindle, wadda ta fito a 2007, sai an haƙo ma'adinai kafin a ƙera su, kuma mafi yawan kobalt ɗin da duniya ke sawa a batir daga Kwango yake fitowa. Mai karatu ba dare ba rana ne take yi wa rana. Wanda littafi biyu ko uku ke kai shi shekara, takarda ta fi masa.

2. Wayar da ke aljihu ta wadatar. Marubutan Hausa da dama a WhatsApp da Wattpad suke sakin littattafansu. A dai biya marubuciya haƙƙinta.

3. Littafin makaranta ya bi ta hannun ƙanne. Wannan ce shawarar da na fi ba muhimmanci. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa biya wa Najeriya buƙata, shi ya sa yawancin takardar ɗab'i sai ta ƙetaro teku, bayan itacen da aka sare da ruwan da aka kwarara wajen yin ta. Abin takaici ne a ce bayan duk wannan yaro ɗaya kacal ya more ta. A naɗe bangon, a hana Yaya rubuta amsa da biro a ciki, a ɗora shi kan kanta nesa da gara da danshin damina.

4. Kada a tayar da janareta don caji kawai. Ƙaramin sola ya isa.

5. Na'ura ta lalace, a fara kai wa mai gyara. Kada a ƙona ta a bola. Hayaƙin ƙona wayoyi ya cutar da mutane sosai a Agbogbloshie da ke Accra. Batirin da ya kumbura kuwa yana iya kama wuta, a raba shi da yara.

6. Littafin da aka gama da shi a ba makarantar unguwa. Wanda ya yage a ba masu ƙulla kaya, amma a fara ware duk shafin da ke da aya ko sunan Allah.