Nunin Amfanin Gona da Bikin Auta

1. Mene ne nuni?

Idan ruwa ya ɗauke, kaka ta yi, manomi ya kai amfaninsa rumbu, akan sa rana a taru a wani fili, kowa ya kawo mafi kyawun abin da ya noma ko ya kiwata. Wannan taro shi ake kira nunin amfanin gona. Can za ka ga dammunan gero da na dawa, da kwandunan gyaɗa da wake, da kabewa wadda yaro ɗaya ba ya iya ɗauka. A wani gefe kuma ga shanu da tumaki da awaki, kowace dabba a turkenta. Alƙalai su bi suna dubawa, wanda nasa ya fi a ba shi kyauta.

Gasa tsakanin manoma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da, mutumin da ya noma dami dubu yakan yi biki, a naɗa shi Sarkin Noma. A Argungu ma, bikin kamun kifin nan da aka soma a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, daga baya an haɗa shi da nunin amfanin gona da dabbobi. A Ingila kuwa akwai wani babban nuni da suka fara a 1839, ba a daina shi ba sai a 2009. Can ne kuma aka kafa wata ƙungiyar yara manoma a 1921, inda 'ya'yan masu shanu suka riƙa gasar kiwon maruƙa. Daga baya irin waɗannan ƙungiyoyi suka bazu har makarantunmu.

Ba don kyauta kaɗai ake nuni ba. Wanda ya ga dawar maƙwabcinsa ta fi tasa, zai tambayi inda ya samo irin. A wurin ne kuma malaman gona ke nuna sababbin iri, kamar waɗanda ake fitarwa a Samaru ta Zariya, inda aka soma binciken aikin gona a 1922.

2. Abin da alƙalai ke dubawa

Kada ku zaci girma kaɗai ke ci. In gyaɗa ce, alƙali yakan girgiza ta kusa da kunnensa. Idan ta yi ƙara, ta bushe ke nan. Sa'an nan ya fasa ɓawon ya duba cikinsa, domin gyaɗar da ta ƙosa cikin ɓawonta yakan yi duhu. Ya duba ƙwayar, ko cikakkiya ce ko ta yamutse. In ya ga fumfuna sai ya ture ta gefe, gama gyaɗa mai fumfuna tana da dafi mai lahani ga hantar mutum da ta dabba.

In akuya ce ko tunkiya, yakan buɗe bakinta, domin daga haƙora ake gane shekaru. Ya duba idonta da hancinta da kofatonta, ya shafa gashinta ko akwai kaska, ya taɓa bayanta ya ji nama. Bayan wannan duka sai ya tambayi mai abin yadda ya yi. Ga labarin wasu yara biyu, za ku ga amfanin tambayar nan.

3. Nomau da Auta

Kawaji unguwa ce a cikin ƙaramar hukumar Nasarawa ta Kano, ba ta da nisa da Dakata da kasuwar 'Yankaba. Yawancin filayen gefen birni da ake nomawa a da, yau gidaje ne. A wani gida a unguwar akwai yaro ɗan shekara 12, kakansa na ce masa Nomau, don an haife shi ana tsakiyar noma. Yana da ƙanwa 'yar shekara 7, ana ce mata Auta.

Wata rana da bazara babban malamin makarantarsu ya ce in kaka ta yi za a yi nuni a filin makaranta. Ya ce, "Sharaɗi ɗaya ne. Kowa ya kawo abin da hannunsa ya shuka, ko ya kiwata."

Nomau ya roƙi kakansa iri. Tsohon ya yi dako a dalar gyaɗa ta Kano yana saurayi, kafin fari da cutar gyaɗa ta 1975 da wasu dalilai su kawo ƙarshenta. Ya ɗebo masa cikin hannu biyu, ya ce, "Ungo, abokina. In ga ko kai manomi ne, ko kuwa suna kawai ka ci."

Akwai ɗan kango bayan gidansu. Nomau ya tsince duwatsu da leda, ya zuba taki, ya ja kunya shida, ya kewaye da ƙaya. Ran 20 ga Yuni, bayan an yi ruwa mai yawa, ya yi shuka, ya rubuta ranar a bayan littafinsa. Ya yi noman firi, ya yi maimai. Bayan kamar wata guda gyaɗa ta yi fure rawaya, sa'an nan ta soma tura 'yan tsinkaye cikin ƙasa, inda 'ya'yan za su zauna.

Ita kuwa Auta tana da 'yar jar akuya da gwaggonta ta ba ta. Irin jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi ce, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Kullum da safe Auta takan share mata wuri, ta ba ta dusa da ɗan kanwa, ta sake mata ruwa.

Ran nan cikin watan Agusta Auta ta yi saurin tafiya makarantar allo, ba ta ɗaure igiya da kyau ba. Akuya ta tsinke, ta sami kafa a jikin ƙaya, ta shiga. Kafin a farga ta cinye kunya uku ƙarƙaf. Nomau ya zo ya gani, ya zauna a bakin kunya, hawaye na zuba. Auta ta durƙusa ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, laifina ne." Bai ce mata kome ba, kwana biyu ba ya yi mata magana.

Ran 28 ga Satumba ya cire abin da ya rage, ya shanya. Da ya tsinke ya auna, ko mudu biyu ba ta cika ba.

Wani abokinsa ɗan ajinsu, wanda tasa gyaɗar ciyawa ta kashe, ya ce masa, "Kai, me ya yi zafi? Ni kasuwa zan je in sayo manya-manya. Zo mu je tare, ka haɗa da taka. Wa zai sani?"

Nomau yana da 'yan kuɗin barka da salla a asusu. Daren nan bai yi barci sosai ba. Da safe ya je gai da kakansa, ya ce, "Kaka, in mutum ya ƙara 'yar gyaɗar kasuwa a kan tasa, ai ba sata ya yi ba, tun da kuɗinsa ya sa?"

Tsohon ya dube shi, ya ce, "Gyaɗar ba ta sata ba ce. Amma kyautar da za a ba shi fa, ta wa ce? Zanen aro ba ya rufe katara, abokina." Nomau ya sunkuyar da kai, ya mayar da asusu inda yake.

4. Ranar nuni

Ranar nuni filin makaranta ya cika maƙil da iyaye da yara. An jera tebura, ga kuɓewa, ga yakuwa, ga masara, ga tantabaru cikin keji. Alƙalai biyu ne, da malamin gona da malamin dabbobi.

Malamin gona ya iso kan kwandon abokin Nomau, wanda ya fi na kowa cika. Ya fasa ɗaya, ya tauna, ya ce, "Yaro, yaushe ka shuka?"

Ya ce, "Da damina, Malam."

"Wane launi furenta ya yi?"

Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Fari."

Malamin ya ce, "To, ina harawarta?" Babu amsa. Sai ya rage murya, don kada sauran yara su ji, ya ce, "Wannan gyaɗar bara ce, ɗana, kuma iri uku ne a gauraye. Ɗauke kwandonka. Baɗi ka kawo mini taka, ko da cikin hannu ce." Yaron ya ɗauka ya fita, ya rasa inda zai sa kansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Da aka zo kan Nomau, sai ya miƙa ɗan kwanonsa, da tushe guda da ya bari da 'ya'yansa a jiki, da littafin da ya rubuta ranaku. Malamin ya ce, "Me ya sa ba ta da yawa?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, akuya ce ta cinye rabi." Malamin ya yi dariya. Ya ɗaga tushen ya nuna wa yara 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, ya ce a cikinsu akwai waɗansu ƙananan halittu masu samo wa shuka abinci daga iska, shi ya sa dawa ke yin kyau a gonar da aka noma gyaɗa bara.

Da la'asar aka faɗi sakamako. Wata yarinya 'yar aji shida ita ta zo ta ɗaya a gyaɗa, don tata ta fi cika da bushewa. Nomau ya zo na biyu, aka ba shi fartanya. A wajen dabbobi kuwa, jar akuyar Auta ce ta ci, aka ba Auta bokiti da littattafan rubutu. Nomau ya dubi akuyar, gashinta sai ƙyalli yake yi, ya ce, "Ba shakka ki yi kyau, da gyaɗata kika yi ƙiba!" Kowa ya fashe da dariya.

5. Bikin Auta

Mako guda bayan nuni Auta ta cika shekara 8. Kakanninmu ba su saba bikin zagayowar ranar haihuwa ba, bikin suna suka sani, ran kwana bakwai. Amma ba su manta lokacin haihuwa ba, cikin suna suke ajiye shi. Wadda aka haifa ran Lahadi Ladi ce, ta Juma'a Jummai, wanda ya zo ana ruwa Anaruwa, wanda ya zo lokacin wake Ciwake. A birane yanzu waɗansu iyaye sukan tara wa yaro abokansa, har a zaɓi kamannin da kowa zai shigo da su.

Uwar Auta ta tambaye ta irin wanda take so. Ta ce ita na manoma take so. Kakan ya ce, "Ashe kalankuwa za ku yi." Ya gaya musu kalankuwa wasa ne da samari da 'yan mata ke yi a ƙauyuka bayan an gama girbi. Sukan naɗa sarki da alƙali da dogarai daga cikinsu, su kwaikwayi yadda manya ke mulki.

Haka kuwa aka yi. Yara suka zo, wani da malfa da fartanya, wani da sanda a kafaɗa kamar makiyayi, wata da ƙwarya a ka kamar mai tallan nono. Aka yi godiya ga Allah, aka yi wa Auta addu'a. Sa'an nan aka kawo dafaffiyar gyaɗa da ƙuliƙuli da fura da zoɓo. Yarinyar da ta zo ta ɗaya aka naɗa Sarkin Noma. Abokin Nomau da ya sha kunya ya ƙi zuwa, sai da Nomau ya je har gida ya jawo shi. Shi aka ɗaura wa rawani, aka ce shi ne alƙali.

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya gafarta malam, ƙara na kawo. Akuyar nan ta ci mini kunya uku." Dogarai suka jawo akuya. Alƙali ya ce, "Ke akuya, kin ji abin da ya ce?" Akuya ta ce, "Mee!" Ya ce, "Ta amsa laifinta." Yara suka yi ta dariya har da faɗuwa.

Alƙali ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya yanke hukunci. Ya ce duk takin da akuyar za ta yi daga yau har damina na gonar Nomau ne, Auta ce kuma za ta riƙa kai shi. In akuyar ta haihu, ɗan fari nasa ne. Shi kuma Nomau ya gyara shingensa, don da babu kafa da ba ta shiga ba. Kakan ya ce, "Wallahi ko a gaban manya iyakar shari'ar ke nan."

Da za a watse, Nomau ya buɗe kwanonsa, ya ƙirga ƙwaya ashirin-ashirin ya ba kowane yaro, ya ce iri ne, kada a ci. Da ya zo kan alƙali sai ya cika masa hannu.

Yara, alƙalan nuni yini ɗaya suke yi suna dubawa, amma abin da suke dubawa aikin wata da watanni ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son ya tsaya gaban alƙali ba tare da gabansa na faɗuwa ba, sai ya tanadi irinsa tun da rani.

Tambayoyi

1. Mene ne nunin amfanin gona? Faɗi amfaninsa biyu.
2. Yaya alƙali ke gane gyaɗar da ta ƙosa, da wadda ta bushe?
3. Kwana nawa gyaɗar Nomau ta yi daga shuka zuwa cira?
4. Me kakan Nomau yake nufi da ya ce, "Zanen aro ba ya rufe katara"?
5. Don me malamin gona ya rage murya?
6. Kana ganin hukuncin alƙalin kalankuwa ya yi daidai? Faɗi dalilinka.

Aiki

Ƙirga ƙwayar gyaɗa ko wake 20, ka jera su a kan jiƙaƙƙen tsumma, ka rufe da wani. Ka riƙa yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana 7 ka ƙirga waɗanda suka tsiro, ka rubuta a littafinka, ka kawo wa malam.